Yadda Malamin Firamare Zai Koyar da Kalmomi Har Su Zauna a Bakin Yara

Akwai wani irin yaro da kusan kowane malamin firamare ya sani. Idan aka ce ya karanta, zai miƙe ya zubo karatu tiryan-tiryan, ko harafi ɗaya bai tsallake ba, amma da zarar an rufe littafi an tambaye shi abin da labarin ya ƙunsa, sai ya yi zuru. Akan ɗora laifin a kan rashin mai da hankali, alhali sau da yawa abin da ya faru shi ne a cikin layuka goman da ya karanta akwai kalmomi biyar ko shida da bai san ma'anarsu ba, kuma su ne ke riƙe da labarin. Wani bincike da Marcella Hu da Paul Nation suka fitar a shekarar 2000 a kan masu koyon Turanci ya nuna cewa mai karatu na bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi ba tare da taimakon kowa ba. Wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin ce mai karatu ke iya haɗiyewa ya wuce. Idan suka fi haka, fahimta ta fara tangal-tangal.

Hanyar da aka saba kuwa kowa ya san ta. Ranar Litinin malam ya cika allo da kalmomi ashirin, kowace da ma'anarta a gefe, yara su kwafe, ranar Juma'a a yi shifta, a ba da maki, a wuce. Littattafan yara kan yi kyau a idon mai duba makarantu, amma bayan mako biyu ka tambayi ajin, za ka tarar yawancin kalmomin sun bi iska. Tsarin da ke tafe ya ginu ne a kan kalmomi kaɗan, waɗanda aka zaɓa da tunani, aka sa yaro ya furta su da bakinsa, aka yi ta komawa kansu har zangon karatu ya ƙare. Kayan aikinsa allo ne, da kwali, da minti goma zuwa sha biyar a kowace rana.

Mataki na farko: gano inda ajinka ya tsaya

Kafin ka rubuta shirin darasi ko ɗaya, ɗauki littafin karatun wannan zango ka tsamo kalmomi kamar ashirin waɗanda kake zargin za su yi wa yara nauyi. Ka riƙa faɗarsu ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro ya nuna da yatsunsa a kan ƙirjinsa, inda na kusa da shi ba zai leƙa ya kwaikwaya ba. Yatsa ɗaya na nufin ban taɓa jin ta ba. Biyu, na taɓa ji amma ban san ma'anarta ba. Uku, ina gane ta idan na ji ta a cikin magana. Huɗu, zan iya sa ta a jimla. Edgar Dale ne ya zayyana waɗannan hawa huɗu na sanin kalma a 1965. Yara na son burge malaminsu, don haka kada ka amince da yatsu huɗu haka kawai, kira biyu ko uku su kawo jimlar a ji. Rubuta abin da ka gani a takarda guda ka adana, za ka neme ta a ƙarshen zango.

Mataki na biyu: zaɓen kalmomi

A nan mafi yawan aikin yake, kuma a ɗakin malamai ko a gida ake yin sa, tun kafin a shiga aji. Isabel Beck da Margaret McKeown na Jami'ar Pittsburgh da ke Amurka, tare da Linda Kucan, sun raba kalmomi gida uku a wani aiki da suka fitar a 2002, kuma rabon ya karɓu a wurin malamai saboda sauƙin aiki da shi. Kashi na farko su ne kalmomin yau da kullum da yaro ke tsinta a gida da wajen wasa, irin su ruwa, gudu, babba. Waɗannan ba sa bukatar darasi, sai fa ga yaron da harshen koyarwa ba shi ne harshen gidansu ba. Kashi na uku su ne kalmomin fanni, irin su murabba'i a lissafi ko nahiya a darasin ƙasa, waɗanda ake koyarwa idan darasinsu ya zo. A tsakiya akwai kalmomin da suka cika littattafai da maganar manya, suke ratsa kowane darasi, amma ba kasafai suke shiga hirar yara ba: kwatanta, sakamako, hujja, ƙalubale, sassauci, tsananta. Waɗannan na tsakiya su ne abin farautarka.

Ɗauki wannan ɗan yanki a matsayin misali: "Da ruwan sama ya tsananta, kogin ya tumbatsa. Mutanen ƙauyen suka yi shawarar ƙaura zuwa tudu, amma wani dattijo ya yi jinkiri, domin yana shakkar ko kwalekwalen zai ɗauke su duka."

Ruwa da kogi da mutane, bar su. Kwalekwale, idan akwai waɗanda ba su san shi ba, zana shi a allo cikin daƙiƙa goma, gani ya kori ji. Tumbatsa kalma ce mai daɗin ji, kuma malami mai son harshe zai so ya tsaya a kanta, amma yaro zai daɗe bai sake cin karo da ita ba. Ka ce "ya cika har ya zuba" a lokacin karatu, ka ci gaba. Tsananta da jinkiri da shakka su ne suka cancanci lokacinka. Zazzaɓi na tsananta, sanyi na tsananta, rikici a darasin tarihi na tsananta. Shakka za ta dawo a darasin kimiyya ranar da ka tambayi yara ko sun tabbatar da abin da suka hasashe.

Idan ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin kalmomi biyu, tambayi kanka ko yaro zai sake haɗuwa da ita a wasu darussa, da ko za ka iya bayyana ta da kalmomin da ya riga ya sani. Tambaya ta biyun nan ta fi tsauri fiye da yadda ake zato. Idan bayanin kalma sai ya jawo wasu baƙin kalmomi biyu, to lokacinta bai yi ba, ajiye ta sai wani zangon.

Guda nawa? A aji ɗaya da biyu, uku zuwa biyar a mako sun wadatar. Daga aji uku zuwa sama, shida zuwa takwas. Idan shekarar karatu na da makonni 36 kana koyar da takwas a mako, ka tashi da 288. Beck da abokan aikinta sun ba da shawarar kusan 400 a shekara, kuma a ganina wannan ne ƙololuwa, ba inda ake farawa ba. Wani zai ce ai wannan ya yi kaɗan, kuma yana da hujja: William Nagy da Richard Anderson sun ƙiyasta a 1984 cewa littattafan makaranta na Turanci sun ƙunshi dangogin kalmomi (wato kalma haɗe da waɗanda suka tsiro daga gare ta) kusan 88,500. Sai dai wannan adadin shi ne ma ke nuna cewa babu malamin da zai koyar da su duka a kan allo, ko da ya riƙa rubuta hamsin a mako. Yawancinsu ta hanyar karatu da sauraro suke shiga, kuma za mu zo kan wannan. Ɗan lokacin da kake da shi na koyarwa kai tsaye ya yi tsadar da bai kamata a ɓata shi a kan kalmar da ba za ta sake dawowa ba.

Mataki na uku: rubuta bayanin kafin ka shiga aji

Ƙamus an rubuta shi ne a taƙaice domin tsimin wuri, kuma yakan bayyana kalma mai wuya da wata mai wuyar. Malamin da ya dogara da abin da zai zo masa a baki a gaban aji shi ma yakan faɗa rami iri ɗaya, ka ji ya ce "jinkiri shi ne mutum ya jinkirta," yara su gyaɗa kai, babu wanda ya ƙaru. Saboda haka zauna ka rubuta bayanin da cikakkiyar jimla, irin yadda za ka faɗa wa ƙaninka. Fara da "idan", domin tana tilasta maka ka sa mutum ko abu a cikin bayanin:

"Idan mutum ya yi jinkiri, ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya yi abin da ya kamata ya yi da wuri."

"Idan abu ya tsananta, ya ƙaru ƙwarai har ya fi yadda aka saba."

"Idan kana shakkar wani abu, ba ka tabbatar ko gaskiya ne ba, ko ba ka tabbatar zai yiwu ba."

Yanka kwali kamar rabin shafin littafin rubutu. A gaba rubuta kalmar da manyan haruffa yadda na bayan aji zai hango. A baya, inda kai kaɗai za ka gani, rubuta bayanin, da misalai biyu, da abu ɗaya da ya yi kama da kalmar amma ba ita ba ce, da tambaya ɗaya da za ka jefa wa aji. Misalan nan biyu su fito daga wuraren da ba su da alaƙa da labarin. Idan duk misalanka na jinkiri a kan dattijo da kwalekwale suke, akwai yaran da za su tafi gida da tunanin cewa jinkiri wani abu ne da ake yi a bakin kogi. Abin da ya yi kama da kalmar amma ba ita ba shi ke shata mata iyaka: yaron da ke tsaye a layi yana jiran a zo kansa ya ɗauki lokaci, amma bai yi jinkiri ba, jira yake yi.

Wasu kalmomin na da ma'ana fiye da ɗaya. Shakka, alal misali, akan yi amfani da ita a wajen jin nauyin mutum ko tsoronsa. Koyar da ma'anar da ke cikin labarin tukuna, ka bar ɗayar sai ta farkon ta zauna, ko sai wani yaro ya tono ta da kansa, wanda ya fi daɗi.

Rubuta katunan mako guda zai ci maka kamar rabin sa'a a farko. Ba a zubar da su, baɗi za su sake yi maka aiki, kuma idan akwai wani malamin da ke riƙe da aji irin naka, ku raba aikin.

Mataki na huɗu: haɗuwar farko da kalmar

Idan rashin sanin kalma zai toshe labarin, ba da ma'anarta cikin numfashi guda a lokacin karatu ka wuce, kada ka kashe labari da dogon bayani. Koyarwa mai zurfi sai bayan an gama karatu, lokacin da yara ke da labarin a kansu. Ga yadda minti biyu zuwa uku na kalma guda za su kasance.

Ka fara da mayar da su inda suka ji ta: "A labarinmu, dattijon nan ya yi jinkiri." Ɗaga katin ka ce, "Ku ce jinkiri." Su faɗa tare, sau biyu ko uku, su tafa gaɓoɓinta, jin-ki-ri. Kada ka raina wannan. Yaron da bai taɓa furta kalma ba zai yi ta kauce mata ko da ya san ma'anarta, don gudun a yi masa dariya. Sai ka karanto bayanin da ka rubuta, ka kawo misalanka biyu.

Daga nan aiki ya koma hannunsu. Ka ce, "Zan faɗi wasu abubuwa. Idan jinkiri ne, ku ce jinkiri. Idan ba shi ba ne, ku yi shiru." An kaɗa ƙararrawa, yaro ya tsaya hira a waje har aka fara darasi. Yarinya ta ji an kira ta, ta taso a guje. An ba ɗalibi aikin gida na kwana ɗaya, sai bayan mako ya kawo. Duk inda aji ya rabu biyu, nan ne darasin yake, tsaya ka tambayi kowane ɓangare dalilinsa. Sannan kowa ya juya ga na kusa da shi ya ba shi labarin ranar da ya yi jinkiri, ya fara da "Na yi jinkiri lokacin da..." Ka rufe da tambayar, "Wace kalma muke magana a kai?" su sake faɗar ta.

Umarnin nan da muka gada na "ku sa kalmar a jimla" yana da rauni idan aka ba da shi tsurarsa. Abin da zai dawo maka shi ne "Na ga jinkiri" da "Jinkiri ba shi da kyau," jimlolin da ba za su nuna maka ko yaro ya gane ko bai gane ba. Ba su rabin jimla mai "domin" ko "sai da" su ƙarasa: "Direban ya yi jinkiri domin..." ko "Ciwon ya tsananta, sai da..." Yaron da ya ƙarasa ta biyun da "aka kai shi asibiti" ya gane. Wanda ya ce "ya tafi wasa" yana bukatar ka koma kansa.

Ga kalma ɗaya ko biyu a mako waɗanda ma'anarsu ke da faɗi, musamman na lissafi da kimiyya, yara su raba shafi gida huɗu, su rubuta kalmar a tsakiya. Gida ɗaya bayani da kalmominsu, ɗaya siffofin abin ko zanensa, ɗaya misalai, ɗaya abubuwan da ba shi ba ne. Dorothy Frayer da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin ne suka fito da wannan tsari a 1969. Yana da kyau, amma yana cin lokaci, kuma idan aka ce kowace kalma sai an yi mata shi, zai koma wani sabon salon kwafe allo.

Mataki na biyar: rage maganarka, ƙara tasu

A farkon shekarun 1970, Mary Budd Rowe, wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta saurari ɗimbin darussan da aka ɗauka a faifai tana auna lokaci. Ta gano cewa malami kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan ya yi tambaya kafin ya maimaita ta, ko ya kira wani, ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu magana suka ƙaru, "ban sani ba" ta ragu. Wannan gyara ne da ba ya cin ko sisi. Yi tambaya, ƙirga uku a zuci, sannan ka kira suna. Shirun zai yi maka tsawo a kwanakin farko, ka daure.

Kiran masu ɗaga hannu kawai na nufin yara biyar ko shida ne ke cin gajiyar darasin, kuma su ne dama suka fi kowa sanin kalmomin. Rubuta sunayen ajin a ƙananan takardu ka zuba a gwangwani, ka riƙa zarowa. Amma kafin ka zaro, bari kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya gwada amsarsa a kunnen abokin zamansa, salon da Frank Lyman ya tsara a 1981. A aji mai yara tamanin, idan ɗaya ya amsa, saba'in da tara na sauraro ne ko suna gyangyaɗi. Idan aka yi bibbiyu, arba'in ke furta kalmar a lokaci guda. Sa wa kowane biyu lamba, na ɗaya ya fara, na biyu ya karɓa, in ba haka ba mai baki zai cinye lokacin. Za a yi hayaniya. Ku yi yarjejeniya a kan alamar tsayawa, kamar tafi uku, kuma ka sanar da shugaban makaranta tun da wuri don kada ya ɗauka aji ya fi ƙarfinka.

Mataki na shida: komawa kan kalmomin

Mutumin da ka gaisa da shi sau ɗaya a hanya ba za ka ce ka san shi ba, sai kun haɗu a wurare daban-daban ka ga halinsa. Haka kalma take. A wani gwaji da McKeown da Beck da abokan aikinsu suka yi da 'yan aji huɗu a 1985, haɗuwa huɗu da kalma ba ta isa ta inganta fahimtar karatu ba, amma haɗuwa goma sha biyu ta yi tasiri. Tun a 1885 kuma Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. Darasin Litinin, komai kyansa, somin-taɓi ne.

Ga yadda za a iya shimfiɗa mako. Litinin a gabatar da rabin kalmomin, Talata sauran rabin, bayan bitar na jiya ta minti biyu. Laraba a haɗa kalmomin da juna ta hanyar tambayoyin da sai an yi tunani: "Mutum zai iya yin jinkiri saboda shakka? Ta yaya?" Irin wannan tambaya ta fi kowane atisaye da na sani amfani, domin babu inda yaro zai kwafo amsarta. Alhamis a yi rubutu, jimla uku ko ɗan gajeren labari da kalmomi biyu a ciki, ko wasan kwaikwayo na bebe inda ɗaya zai nuna kalma saura su canka. Juma'a gajeren gwaji, wanda ya haɗa da kalmomi biyu ko uku na makonnin baya.

Domin tsofaffin kalmomi kada su ɓace, samo ƙananan akwatunan kwali uku, dabarar da ɗan jaridar Jamus Sebastian Leitner ya yaɗa a 1972. Sababbin katuna na shiga akwati na ɗaya, ana duba su kullum. Wanda aji ya amsa daidai ya koma na biyu, ana duba shi sau ɗaya a mako. Idan ya sake tsallakewa ya koma na uku, sau ɗaya a wata. Duk katin da aji ya yi tuntuɓe a kansa, ko daga ina yake, ya dawo na ɗaya. Ɗora yaro guda a kan akwatunan kowane mako, zai tuna maka ranar da ka manta.

Bita kuma ba sake karanta abin da ke allo ba ce. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006, da ɗaliban jami'a, cewa waɗanda suka maimaita karatu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda aka sa suka tono abin daga ƙwaƙwalwarsu ne suka yi gaba. Saboda haka a rufe littafi, ka faɗi bayanin su kawo kalmar, ko ka ɗaga kalmar su kawo misali. Idan ka liƙa kalmomi a bango, ka riƙa taɓa su. Bangon da ba a waiwayarsa ado ne kawai, bayan mako biyu yara sun daina ganinsa. Kai ma ka riƙa sa su a maganarka ta yau da kullum: "Hayaniya ta tsananta a layin baya," "Ku fito da littattafai ba tare da jinkiri ba." Duk yaron da ya zo da labarin inda ya ji kalmar mako a wajen aji, a rubuta sunansa a gefen katin.

Mataki na bakwai: koya musu buɗe kalma da kansu

Tunda ba za ka koyar da kowace kalma ba, ba su dabarar fasa baƙuwar kalma. Harsuna da yawa na da nasu ɗafe-ɗafen, wato 'yan gaɓoɓin da ake ɗafa wa kalma a gaba ko a baya su sauya ma'anarta. A Hausa, ɗafa-goshin "ma" kaɗai ya isa darussa da dama: yana ba da mai aikata abu, kamar manomi da marubuci da maɗinki, yana ba da kayan aiki, kamar mabuɗi da ma'auni, yana ba da wuri, kamar makaranta da ma'aikata. Rubuta guda shida a allo a cakuɗe, ka bar yara su kasa su gida uku su gano dalilin da kansu. Yaron da ya gane wannan, ranar da ya ci karo da matafiyi ko masaƙa ba zai tsaya jiran malam ba.

Canko ma'ana daga kalmomin da ke kewaye ma dabara ce, amma a koyar da ita da gaskiya: wani lokaci jimla na taimakawa, wani lokaci ba ta cewa komai. Yi tunaninka a bayyane a gabansu, su ji yadda kake gwada ma'ana, ka mayar da ita cikin jimlar, ka ga ko ta zauna.

Mataki na takwas: karanta musu a bayyane kullum

Minti goma a rana, daga littafin da ya ɗan fi ƙarfin karatunsu amma bai fi ƙarfin kunnensu ba. Keith Stanovich ya bayyana a 1986 yadda giɓi ke buɗewa tsakanin yara: mai kalmomi da yawa na jin daɗin karatu, sai ya ƙara karantawa, kalmominsa su ƙaru, mai kaɗan na shan wuya, sai ya guje wa littafi, ya tsaya inda yake. Karatun malami a bayyane shi ne hanyar da yaro na biyun zai ji kalmomin littafi kafin idonsa ya iya kamo su. Kada a mai da shi ladan da ake bayarwa idan lokaci ya ragu, a sa shi a jadawali.

Idan a ajinka akwai yaran da harshen gidansu daban ne da na koyarwa, bari abokin zama ya faɗa musu ma'anar da harshensu cikin daƙiƙa biyu, sannan a dawo a furta kalmar, a yi misalai da harshen darasi. Hana wannan ɓata lokaci ne, domin sau da yawa yaron ya san abin, sunansa a sabon harshen ne ya rasa.

Mataki na tara: auna ka gyara

Gwajin haɗa kalma da ma'anarta na auna hadda ne. Tambayoyin da ke tona fahimta su ne irin: "Wanne ne ya fi nuna shakka, wanda ya ce tabbas zan ci, ko wanda ya ce anya zan ci kuwa?" ko "Kawo abu ɗaya da ba ka so ya tsananta, ka faɗi dalili." Tambayoyi biyar irin waɗannan ranar Juma'a sun isa. Idan kana duba insha'in yara, ja layi a ƙarƙashin duk kalmar darasi da yaro ya sa da kansa ba tare da an ce ya sa ba, ko da ya ɗan karkace a amfani da ita. Wannan ce shaida mafi ƙarfi da za ka samu.

Sau ɗaya a zango, roƙi wani malami ya zauna a bayan ajinka da takardar sunaye, aikinsa kawai ya sa alama duk lokacin da yaro ya yi magana, ya kuma ƙirga daƙiƙoƙin da kake jira bayan tambaya. Takardar za ta nuna maka kusurwar ajin da idonka ba ya zuwa.

A makon ƙarshe, ɗauko takardar nan ta yatsu da ka adana, ka sake gwajin da kalmomin farko, ka ƙara da wasu daga akwati na uku. Duk kalmar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na ajin suka kasa, duba katinta tukuna, domin galibi bayanin ne ya yi nauyi ko misalan suka yi kama da juna. Gyara shi, ka mayar da shi akwati na ɗaya domin zango mai zuwa. Idan ƙarshen shekara ne, kwafe jerin kalmomin gaba ɗaya, ka sa alama a kan waɗanda ba su zauna ba, ka miƙa wa malamin da zai karɓi ajin.